Hanyar Rani a Cikin Damina

Cadawa, tsakiyar damina

Zuwa ga jikana kuma maigidana na Legas, Hafizu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da mutanen da kake yi wa aiki. Allah ya tsare mani kai daga motocin garin nan da hayaniyarsa, ya sa albarka a abin da kake nema, ya kuma kawo ranar da za ka tuna kana da tsohuwar mata a Cadawa wadda ba ta ga ko sabulun wanka daga hannunka ba tun Sallah. Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna sosai, kawunka Inusa ya gama noman farko, ayarsa ta fito kore shar, matarsa Amina kuma ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Akuyar da ka ce taka ce ta haihu, ita da 'ya'yanta duk a gadona suke son kwana, halin ubangijinsu ne suka ɗauko. Gwiwata ce dai take nan yadda ka bar ta, sai dai a 'yan kwanakin nan na manta da ita, domin akwai abin da ya fi ta nauyi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna maimakon muryata. To, na yi rantsuwa na daina saƙon muryar nan da yara ke ce wa bokal, dalilin kuwa za ka ji shi a ƙasa. Na ari alƙalami na zauna a gindin darbejiya ina ja a hankali, in ka ga layin ya karkace ka yi haƙuri, haka hanyoyina suke a bana. Inusa zai ɗauki hoton takardar ya turo maka. Ka karanta kai kaɗai, kuma da idonka, ban da baki. Na san baffanka Tahiru ya riga ya kira ka ya faɗa maka nasa rabin labarin. Ga sauran daga bakin wadda ta ƙulla abin.

Ka tuna ranar da ka kira ni, ka ce baffanka zai taso daga Katsina da goro zuwa Gidan Baushe, ya gaida Malam Jaye, ya nema maka auren ɗiyarsa Hamdiya. Ka ce kai aiki ya riƙe ka, amma kana da taswira a waya, za ka riƙa yi masu jagora daga nan inda kake. Damuwarka ɗaya, taswirarka da Ingilishi take magana, allunan bakin hanyarmu kuwa da Faransanci, kana so in faɗa maka yadda ake kiran kowace irin hanya a nan don baffa ya karanta allo ya gane. A lokacin ya kamata in ce maka, yaro, daga iyaka har ƙofar gidan Malam Jaye babu mahaluƙin da ba ya jin Hausa, su tsaya a bakin kowace rijiya su tambaya. Ban faɗa ba. Kaina ne ya kumbura. Tun da aka cire ni daga lakol, wato makarantar boko, ina yarinya babu wanda ya taɓa neman Faransancina da wata bukata, sai ga mutumin Legas guda yana roƙo. Na gyara ɗankwali, na kori awaki daga tsakar gida don kada su shiga cikin muryata, na danna waya.

Kai kana jero naka, ni ina mayar maka da namu. Ka ce rod, na ce rut, in kuma an shafe ta da baƙin kwalta mu gudron muke cewa, in jar ƙasa aka zuba aka daddale laterit ke nan. Ka ce tarak, na ce pisti, wato hanyar yashi da amalanke da ƙafar mota suka yi da kansu. Ka ce fat, na ce santiye, 'yar siririyar nan da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Da ka ce tirel sai da na sa ka yi mani bayani, ka ce sawun da aka yi ta bi ne har ya zama hanya, na ce to a nan sai an duba mai sawun, in mutane ne santiye, in shanu ne kulwar, wato burtalin da aka kafa wa duwatsun siminti don kada manomi da makiyayi su kama wuyan juna. Janshan ɗinku shi ne karfur. Inda aka tare hanya aka ce a zagaya, debiyasiyo. Duk na zuba maka su ina jin kaina kamar matar gwamna. Daga baya na kai wa malamin lakol ɗin da ke maƙwabtaka da mu ya saurara, ya ce babu ko ɗaya da na kuskure. Ka riƙe wannan, don shi kaɗai ya rage mani. Kalmomina daidai suke.

Da na tsaya a nan, da yanzu ana maganar ranar biki. Amma sai ka ce saura ɗaya, shotkot, wato hanyar yanke. Hafizu, a duk Faransancin da na sani babu kalmar da ta fi mani daɗi a baki irin wannan. Rakursi. Tun ina yarinya nake son ta, tana birgima a harshe kamar alewa. Da na faɗe ta sai na ji ba zan bar ta haka tsirara ba, dole in nema mata hanyar da zan ɗora ta a kai. Shi ne na ce maka, in sun bar laterit sun kai babban gawon nan, kada su wahalar da kansu da zagaye, akwai rakursi ta hannun dama, su miƙe kawai sai ƙofar gidan surukai. Har na maimaita ta sau da yawa, ina jan ta. Kuma da Inusa ya ce bari ya je karfur ya tarye su a babur ya shige gaba, ni na hana shi. Na ce na riga na yi masu bayani da harshen Nasara, ya wuce can gidan ya jira su.

Kai ɗan birni ne, bari in gaya maka abin da ko goyon da ke baya ya sani a nan. Hanyoyinmu iri biyu ne, akwai ta kullum, akwai ta rani. In aka yanke gero aka kwashe kara, gona ta zama ta kowa, amalanke da babur su ratsa ta tsakiya kai tsaye, har wurin ya daddale ka rantse tun kakanni hanya ce. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, mai gona zai shuke wurin tas, ya jawo reshen ƙaya ya kwantar a bakin hanyar. Shi ke nan, an rufe. Ba allo, ba kwaɗo, ba takarda daga buron hukuma, amma ko jandarma ya zo da motarsa ya ga reshen nan, juyawa yake yi. Ni na san wannan kafin a haifi uwarka. Ni da kaina na sha jawo ƙaya da marigayi kakanka. Abin da ya faru, rabona da bin wajen tun wani biki da muka je cikin rani a amalanke, tun da gwiwa ta zaunar da ni cikin gari kuwa damina a wurina ta koma ɗigar rufi da kukan kwaɗi. Ina ta zaƙin baki, ban ko ɗaga kai na dubi hadarin da ke saman kaina ba.

Sauran labarin Inusa ne ya tattaro mani, wani a zaure, wani a bakin waɗanda suka gani da ido. Baƙinka sun bi komai daidai. Sun sauka daga gudron, sun hau laterit, baffanka yana karanta alluna yana jin daɗi, yana gaya wa direba cewa ashe Faransancin ba wani abu ba ne. Da suka kai gawo suka tarar da ƙaya kwance. Direban, Allah ya yi masa albarka, ya ce shi dai kamar an rufe wurin nan. Baffanka ya ce Hajiya haifaffiyar ƙasar ce, ba za ta ɓatar da su ba, ya kunna masa muryata da ka tura masa. Aka sauka aka ja reshen gefe. Farkon wurin saura ce da ba a noma ba bana, don haka suka ƙara samun ƙarfin gwiwa. Kafin su ankara sun tsinci kansu cikin gero, bai kai gwiwa ba tukuna, tsohon sawun amalanke yana ɗan bayyana a tsakanin kunya. Babu wurin juyawa, suka ce bari su lallaɓa su fita. An yi ruwa a jajibirin, suna kaiwa wani ɗan kwari a tsakiyar gonar ƙafafun mota suka nutse. Direba ya taka gaba, ya taka baya, mota na ihu tana watsa ƙasa da gero sama.

Manoman da ke kusa suka ajiye aiki suka taho. A cikinsu akwai wani dattijo da riga mai faci da tsohuwar malfa, laka har ƙwauri. An ce ya daɗe tsaye yana kallon geron da ke ƙarƙashin taya, sannan ya jingine hauyarsa ya sa kafaɗa a bayan mota. Baffanka bai sauko ba, saboda farar shaddar da ya ɗinka don wannan rana. Ta taga ya leƙo yana ba su umarni da ɗan Faransancin da ya tsinta a hanya, yana cewa a puse, a puse, wato a tura. Tsakanin turi da turi kuma yana yi wa dattijon ƙorafi, wai mutanen nan ba su da tsari, ina dalilin shuka hatsi a kan hanyar gwamnati. Da wani saurayi ya ce masa ai nan ba hanya ba ce, sai ya ƙure ƙarar waya ya kunna masu ni. Hafizu, a tsakiyar gona, gaban maza, gaban matan da suka kawo fura, muryata tana tashi tana cewa rakursi, rakursi, tana jan ta kamar mai waƙar daka. Kuma kowa a wurin ya san muryar Habi.

Da ƙyar aka fitar da motar ta ɗaya gefen. Baffanka mutum ne mai kyauta, ba zan ci amanarsa ba. Ya kwance ƙunshin goron da aka kawo na gaisuwa, ya ɗebo ya miƙa wa dattijon, ya ce a sha ruwa. Dattijo ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Baffa ya tambaye shi gidan Malam Jaye, ya nuna masa, ya ce maigidan bai yi nisa ba, yanzun nan zai iso. Aka shimfiɗa masu tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi, Inusa yana gefe bai san wainar da aka toya ba. Can sai ga maigida ya shigo, ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula. Inusa ya ce bai taɓa ganin fuskar babban mutum ta yi abin da ta baffanka ta yi ba, ludayin da ke hannunsa sai da ya koma cikin ƙwarya da kansa. Malam Jaye ya gaishe su gaisuwa mai kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Katsina ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka yanka masu zabi. Da baffa ya tattaro ƙarfinsa zai buɗe maganar da ta kawo su, sai ya ce a yi masa haƙuri yau, bayansa na ciwo, ya tura mota. Da aka tura masa goron gabansa, ya mayar a hankali, ya ce ai an riga an ba shi rabonsa a gona. Ya rako su har bakin laterit ta doguwar hanya, ya yi masu addu'ar sauka lafiya.

Tun daga ranar ban leƙa ƙofar gida ba sai da ya zama dole. An yi suna a bayan gidanmu na aika da hatsi na ce gwiwa. Yaran unguwa in sun hango ni sai su ce ina kwana Madam Rakursi, in ɗaga sanda su watse suna dariya, kuma ba ni da bakin tsawata masu. Ni da na saba tsokanar kowa a garin nan, yau ko kaza ta dube ni sai in ga kamar ta ji bokal ɗin. Amma dariyar mutane ba ita ta hana ni cin tuwo ba. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne kai da yarinyar nan, da kuka yi ta haƙuri kuna jiran wannan rana, tsohuwa ta zo ta tattake maku ita don tana son a ce ta iya yaren Nasara. Kada ka riƙe baffanka a zuci. Baƙo ne, abin da aka ba shi ya bi. Ka kira shi ka yi masa godiyar tafiyar da ya yi dominka, na san shi ma bai iya haɗa ido da kowa a gidansa.

Shekaranjiya na ce wa Inusa ya ɗora ni a babur. A gawo na ce ya sauke ni, ya ce Inna gwiwa, na ce yau gwiwa ba ta da magana. Reshen ƙayar yana nan gefe inda suka yar da shi, babu wanda ya mayar. Na ja shi da hannuna na kwantar a bakin hanyar, ya soke ni a tafi, na ce na cancanta. Daga nan na bi santiye ta gefen gona da sandata. Hafizu, da ka gani. Gero ko'ina ya tashi kore yana kaɗawa, sai layi biyu baƙaƙe sun tsaga gonar tun daga wannan baki har wancan, a tsakiya kuma rami kamar an yi haƙar rijiya an fasa. Ni 'yar manomi ce, na san abin da kowane gindi yake zama a cikin rumbu. Na tsaya a wurin hawaye na zuba, ina goge su da bakin zane kada Inusa ya gani.

A cikin gonar na sami Malam Jaye yana aiki. Sa'ar uwarsa ce ni, amma na durƙusa masa a kan ƙasar nan. Ya yar da hauya ya tsuguna ƙasa da ni, yana cewa Inna don Allah in tashi kada in ɗora masa alhaki. Na ce ba zan tashi ba sai ya ji cewa laifin ba na Katsinawa ba ne, ba naka ba ne, bakina ne. Ya ce ya sani, ai ya ji bakin da kunnensa, kuma Faransancin ya yi daɗi. Na so ƙasa ta buɗe. Muka koma inuwa, ya yi mani magana doguwa wadda nake so ka saurara da kyau. Ya ce ba zai yi ƙarya ba, geron ya yi masa ciwo, abinci ne. Amma ba shi ya hana shi karɓar goro ba. Ya ce yana tura motar nan yana jin ana ambaton sunanka, wai kai kake nuna hanya daga Legas ta cikin gilashin waya, sai zuciyarsa ta tambaye shi, wannan da zai ɗauki ɗiyarsa ya kai ta bakin teku, in wata rana ta ce tana son gida, ko aka aika cewa uwarta ba lafiya, ya san hanyar gidan nan da ƙafarsa kuwa, ko sai ya tambayi waya? Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin ka, a taron Sallah, daga nesa, cikin takalmi mai ƙyalli.

Ga abin da ya yanke. Ba ya son a biya shi komai, kuma ya ce kada a sake tayar da wannan zancen. Gero ya wuce sake shuka, amma wake zai kama a sawun tayar in an sa shi da wuri, kafin geron da ke gefe ya tashi ya rufe wurin da inuwa. Yana so ka zo da kanka, ka sauka a gawo, ka shigo da ƙafa, ka cike ramin, ka shuka waken nan tun daga bakin layin har ƙarshensa. Ranar da ka gama, a kawo goro, zai karɓa. In lokacin shuka ya wuce ba ka zo ba, ya ce shi ba zai ce a'a da bakinsa ba, amma layin nan biyu za su zauna tsirara har kaka, duk mai wucewa zai tambayi na wane ne, kuma ba ya ganin yadda zai ba da ɗiya ga gidan da sawun motarsu ke kwance a gonarsa. Na dubi geron da idon wadda ta san shi. Lallai ka yi sallar Juma'a mai zuwa a nan, in ka ƙara wata Juma'ar a kai, inuwa ta rufe.

Na shiga cikin gida na ga Hamdiya. Ta kawo mani ruwa, ta cire mani ƙayar da ta karye a tafina da allura, tana yi tana cewa ita malamar lakol ce, ta saurari jarrabawata, ta ba ni maki cikakke, sai dai na faɗi a darasin damina. Muka yi dariya, amma idonta ja ne, ba na hayaƙin murhu ba. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ce a roƙe ka ba, yarinyar tana da kunya da kamun kai. Da zan fito ne kawai ta ce, in na yi magana da kai, in gaya maka ka zo da takalmin roba, akwai ƙaya a santiye.

To maigida, ga ni na zo gabanka. Ka je wurin mai aikinka ka nemi izini, in ya ƙi ka sake roƙo, ka ce kakarka ce ta yi ɓarna kuma kai kaɗai aka yarda ka gyara. Kada ka turo 'yan ƙwadago, kada ka ce Inusa ya yi maka, dukan ƙauyen za su fito kallo kuma sun san fuskar Inusa. Hannun nan naka mai laushi zai yi kanta, bayanka zai gaya maka abin da na Malam Jaye ya gaya masa, yara za su yi maka dariya in ka riƙe hauya a karkace. Ka bar su su yi. Ni na sha tawa dariyar a kan abin banza, taka kuwa da mata za ka fito. Iri kada ya dame ka. Na buɗe tulun da nake ɓoye farin wakena cikin toka, wanda ko Amina ban taɓa ɗebar mata ba, na tsince shi ƙwaya ƙwaya, yana nan ɗaure a ƙarƙashin matashina.

Ka gaida mani uwarka Rukaiya in kun yi waya, ka ce na san ta ji, kuma na gode da ba ta kira ta yi mani dariya ba tukuna. Ka gaida babanka, da baffanka Tahiru da iyalinsa, da direban nan mai hankali wanda ban san sunansa ba. Ka gaida ƙannenka Fahad da Zahra'u, da abokin ɗakinka Gado. Inusa da Amina suna gaishe ka, haka ma akuyarka.

In ka ƙetaro iyaka, ka mayar da wayar aljihu. Duk inda hanya ta rabu ka tsaya, ka yi sallama, ka tambaya da Hausar da uwarka ta ba ka. In ka iso gawo za ka tarar da wata tsohuwa zaune a kan tabarma kusa da reshen ƙaya, da ƙunshin wake a cinyarta. Kada ka tambaye ta hanya. Ka karɓi waken kawai.

Allah ya kawo ka lafiya, ya rufa mana asiri.

Taka har kullum, in ba ka sake ni a kan wannan ba,
Kakarka Habi